Inna Mai Faranti, Wadda Ba Ta Yarda da Murfi Ba

Ƙarfe bakwai na safe take shiga ɗakin bincike. Ta wanke hannu, ta sa safar roba, ta buɗe akwatin ɗumi inda ƙwayoyin halitta ke girma cikin ƙananan farantai, ta sauya musu ruwan abinci. Shekara ashirin da shida ke nan. Ɗalibai na ce mata Inna Mai Faranti. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Aikin ɗakin a kan ƙiba ne. Akwai wasu dogayen zarurrukan RNA da ba sa ƙera furotin, da can ƙaiƙayi aka ɗauke su. Ashe suna cikin masu sa ƙwaya ta zama ta kitse. Akan kashe zare ɗaya, a jira mako biyu, a zuba rini. Inda kitse ya taru, nan zai yi ja.

Dokar Inna ɗaya ce: a rubuta sunan faranti a ƙasansa, ba a murfi ba. Murfi yawo yake yi.

Wani ɗalibin digiri na uku bai ji ba, a murfi yake rubutawa. Shekara uku yana bin zare ɗaya, saura wata biyu ya kare aikinsa. Farantansa suka nuna kashe zaren na ƙara kitse. Farfesa, shugaban ɗakin, har ya fara rubuta takardar sakamakon.

Inna ta ɗaga farantan ta leƙa ƙasa. Ɗigon da take sa wa waɗanda aka kashe wa zare yana jikin fararen, ba jajayen ba.

"Ɗana, an yi musayar murafe."

"Inna, ki rufa mini asiri. Lokaci ya ƙure."

"Shi nake rufa maka. Gara a tona a ɗaki da a tona a kasuwa."

Farfesa ya ce, "Inna, kin tabbata?"

"Ranka ya daɗe, kai ka karanta su, ni na raine su."

Ta shuka sababbi, tana zuwa har Asabar da Lahadi. Sakamako ya juye: kashe zaren rage kitse yake yi. Ɗalibin ya ci jarrabawarsa. Sunanta ya fito a layin ƙarshe na godiya a takardar.

Inna, ke ce gishirin ɗakin nan, sai babu ke za a sani. Ke kika hana ƙarya fita da sunan ilimi. Mun gode, Allah ya ba ki hutu da lafiya.

Ku da za ku gaji kujerarta, kafin ku yarda da murfi, ku ɗaga faranti ku duba.