Butar Yaya Bello

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Bello, tela a bakin kasuwar Illela, mutumin da ya fi kowa iya tsorata jama'ar garin nan da rana tsaka. Allah ya jiƙansa. Da yawa cikin masu karatu ba su san shi ba, amma duk wanda ya yi sakandare a nan a wancan zamani ya san wasan fatalwarsa, kuma na tabbata har yau yakan ɗan kalli buta kafin ya ɗauka.

Wasan labarin wani mutum ne da ya sayar da gonar wansa marigayi a Tozai, ya bar marayu ba wurin shuka. Daga nan ko'ina ya waiga sai ya ga alamar mamacin. Yaya Bello bai taɓa hawa dandamali ba, don ko sallama zai yi a taro sai muryarsa ta yi rawa. Aikinsa a bayan labule yake. Iyaye ba sa barin 'ya'yansu fita kallo bayan magariba, saboda haka da la'asar ake wasan, shi kuwa ya haɗa duhun da hannunsa. Yakan toshe tagogin zauren makaranta da tabarmi da barguna, ya bar huda guda, ya tari hasken da madubin babur ya jefa shi inda yake so. Ni nawa aikin riƙe fallen kwano ne, in ya ɗaga yatsa in girgiza, a ji kamar tsawa.

Fatalwar kanta ba wanda ya taɓa ganin ta. Takalman mamaci ne za su ja jiki zuwa bakin ƙofa su tsaya. Sai buta, wadda ya ɗaure a kan ɗan katako mai lilo, ta karkata ita kaɗai tana zuba ruwa kaɗan-kaɗan, ta tsaya, ta ƙara, daidai yadda mai alwala ke yi. Duk wannan da zaren ɗinkin takalmi ne da ya shafe da baƙin tukunya. Na ga wani jibgegen direban tirela daga Konni ya tashi a daidai nan, wai ya tuna bai kulle mota ba.

Doka ɗaya gare shi, farin ƙyalle ba ya hawa dandamalinsa. Shi ne mai yanka likkafani a unguwarmu, ko da wane aiki ke kan kekensa zai ajiye ya ɗauki almakashi. Wata shekara wani ɗan wasa ya ce a lulluɓe shi da fari, zai fi ban tsoro. Yaya Bello ya ce, “Wanga ƙyalle ba na wasa ba ne. Cikin masu kallo akwai wanda yar rufe uwatai shekaranjiya.” In an tashi kuma, yakan yaye tabarmin tagogi ya nuna wa kowa zaren da katakon. Yara su koma gida suna dariya, malaman gari kuma ba su taɓa cewa a hana wasan ba.

Bana ɗansa Nura, wanda ya zama magidanci, ya tara abokansa za su farfaɗo da wasan. Na yi murna ƙwarai. Sun zo da lasifika, da fitilu masu canza launi, da kukan iska da suka sauko da shi a waya. Nakan tambayi kaina me Yaya Bello zai ce da waɗannan kaya. Na san shi, ba zai yi gunaguni ba. Lasifikar zai kwance ya ga abin da ke cikinta, ya kasa mayarwa, ya ce dama can ba ta da kyau. Abin da ba zai yarda da shi ba shi na tarar ranar gwaji na farko, an ninke farin yadin alawayyo a kan benci.

Nura ya ce, “Baffa, mutanen yanzu ba su tsoron buta. In ba a ga fatalwa ba, ba mai tsayawa kallo ga waya.”

Na ce, “Innarka ta ce za ta zo kallo. Mi ag ganin ƙarshe da tay yi ma babanka?”

Washegari Nura ya kai yadin gidan liman, a ajiye wa wanda buƙata ta samu. Ba zan ce kowa ya gamsu ba. Biyu daga abokansa sun janye, har da wanda zai ɗauki hoton wasan, sun ce wasan tsofaffi ba zai yi kasuwa ba. Mai yiwuwa gaskiya suka faɗa, kuma na ga abin yana cin Nura a rai. Amma na gaya masa, ko benci ɗaya ne ya cika za mu yi wasan nan, kuma yadda babansa ya bari za mu yi shi. In ba mai riƙe kwano, hannuna bai mutu ba.

Zaren ne ya ba mu wahala. Na yanzu ba shi da ƙwari, da an ja sai ya tsinke, sai da muka je wurin wani baduku ya murza mana. Katakon ma mun sassaƙa ya fi a ƙirga kafin ya yi lilo daidai. Da Hajara, matar marigayin, ta ji abin da muke ciki, sai ta aiko da tsohuwar butarsa ta ƙarfe, wadda ta adana tun ranar da aka fita da gawarsa.

Kekensa an sayar, shagonsa yanzu cajin waya ake yi a ciki. Abin da ya rage mana shi ne wannan hali nasa, na mutumin da zai sa ka rawar jiki amma ba zai fama maka ciwo ba. Ina ganin ya isa gado, kuma ba zan bari ya ɓata ina raye ba.

Jiya muka yi gwajin ƙarshe. Aka toshe tagogi, haske ya faɗo a kan butar, Nura yana bayan labule a inda babansa ke tsugunawa. Ni na ɗaura zaren da hannuna, na san kowane ƙulli. Amma da ta karkata ta zuba ruwa, ta tsaya, ta ƙara, sai na manta da kwanon da ke hannuna. Na ji bakina ya ce, “Yaya.”