Neman Gam ɗin Haƙorin Rabi, Daga Taura Zuwa Dutse

Taura

Da idar da sallar asuba, ƙarfe shida saura kwata, na fito da 'yata Rabi, muka shiga motar haya. Shekara guda ke nan da aka sa mata wayar gyaran haƙori, sai ta ci aya, ƙarfe ɗaya da ke manne a haƙori ya ɓalle, waya tana sukar kumatunta. Likita kuwa ya taɓa cewa in aka bar ta sako-sako, haƙora komawa za su yi, wahalar shekara ta tafi a banza.

Gujungu, ƙarfe bakwai

Direba ya leƙa bakinta ta madubi. "Malam, wannan ai aikin sufa gulu ne. Ni da shi na liƙe fitilar motar nan." Na duba fitilar, igiya ce ke riƙe da ita. Wani dattijo Bafulatani ya ce ƙaro ya fi, don daga bishiya yake. Wani mai faci ya rantse da gam ɗin tayarsa. Rabi ta ja mayafi ta rufe baki.

Jahun, takwas da rabi

Lokacin an fara shari'ar Musulunci, aka tsayar da mu don a mayar da fasinjoji mata kujerar baya. Mai dubawa ya tambaya ko wayar ado ce. Na ce magani ce. Ya ce, "To Allah ya ba da lafiya, amma ƙanena yana walda." Muka sha koko da ƙosai, ita koko kawai.

Dutse, goma saura

Likitan ya jera gam kala uku a tebur. Na farko, ya ce, ya fi riƙo, amma sai an haska masa shuɗiyar fitila yake bushewa. Na biyu kwaɓa shi ake, ya daskare da kansa, sai dai ba ya jiran kowa. Na uku bai damu da yawu ba, amma ba ya jure tauna.

"Ranka ya daɗe, a sa na farkon."

"Malam, kwana huɗu ba mu da wuta."

"Janareta fa?"

"Yana gidan bikin shugaban asibiti."

Aka kwaɓa na biyu. Minti goma Rabi tana baki buɗe, hawaye na zuba, ta damƙe hannuna. Ya kama. Ta motsa harshe ta ce, "Baba, ya daina suka."

Gida, bayan la'asar

Mahaifiyata ta sa Rabi ta yi murmushi, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Wushiryar da kakanta ya yi shekara yana zarya ƙofar gidanmu saboda irinta, ita kuka tafi har Dutse ku toshe?"

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa likita, da duk likitocin cikin mota.