Takalman da Baba Ya Ajiye a Bakin Ƙofa

Cikin duk abin da ya same ni a zaman New York, wanda ba zan taɓa mantawa ba shi ne bazarar da muka shirya kai Baba kabarin mahaifinsa, saura kaɗan ladabi ya hana mu tafiya.

Baba bai taɓa ganin ubansa ba. Yana cikin ciki aka kwashi samarin ƙauyensu a ƙasar Maraɗi zuwa sojan Faransa, lokacin yaƙin duniya na biyu. Wasu sun dawo, shi bai dawo ba, abin da aka gaya wa kakarmu kawai shi ne ya rasu a ƙasar Nasara. Da tsufa ya kama Baba sai muka ɗauko shi, ya zauna wurina a unguwar Tremont da ke Bronx, cikin New York. Ni ina aikin kula da tsofaffi, yayana kuma yana tuƙin tasi.

'Yata ce ta tono maganar. Haifaffiyar Bronx ce, ana yi mata Hausa tana mayarwa da Turanci, amma ta iya bincike. Ita ta gano wata maƙabartar sojoji a wani ƙauye a arewacin Faransa, da sunan kakan namu a kan dutse. Ta nuna wa Baba hoton a waya. Ya daɗe yana kallo, ya ce "To," ya tashi ya yi alwala. Washegari ya ce in raka shi shagunan titin Fordham Road. Mutumin da ko ƙanƙara na zuba silifa da safa yake sawa, ranar ya sayi rufaffun takalma baƙaƙe. Kullum bayan asuba sai ya saka su, ya yi ta kai da komo a barandar bene da sandarsa, wai yana koya wa ƙafa tafiya.

Matsalar ita ce ƙauyen lungu ne, kuma kamfani ɗaya muka samu mai motar da ke ɗaukar tsoho mai ciwon gwiwa, da ɗan jagora da ya san kaburburan. Tsarinsu kuwa haɗe yake: da safe filayen yaƙi da maƙabartu, da yamma a zagaya da baƙi masana'antar giya su ɗanɗana. Mutanen can haka suke yawon tarihinsu, kuma ba a raba tikitin.

Yayana na jin haka ya ce atafau. "Baba da furfurarshi, mai sahun gaba a masallaci, a gan shi ƙofar gidan giya? Kin san mutanenmu. Kahin mu sauka jirgi labari ya kai Maraɗi." Ya ce a bari sai baɗi, zai ɗauki hutu ya yi hayar mota ya kai mu da kansa. Maganarsa ba ta rasa hujja ba. Ya je ya durƙusa gaban Baba ya yi masa bayani cikin lallami, Baba ya ce, "Ba komi. A bari sai baɗin, in da rai."

Shi ke nan, a wurinmu magana ta ƙare. Haka aka raine mu, uba in ya ce ba komai ba a sake tambayarsa. Shi ma haka aka raine shi, ba ya buɗe baki ya roƙi abu wurin 'ya'yan da ya haifa. Kowa ya yi ladabinsa daidai, tafiya ta mutu. Takalman dai suna nan bakin ƙofa, kullum da safe sai Baba ya goge su da tsumma, ya fita barandarsa.

Wata Lahadi muna cin tuwo gaba ɗayanmu, 'yata ta zo ta zauna jikin Baba, ta cire masa hula ta ɗora a kanta. Jika ce, tana da wannan damar, tun tana ƙarama yake kiranta matarsa.

"Angona, kai maƙaryaci ne," in ji ta, da karyayyiyar Hausarta.

Yayana ya ajiye cokali. Baba ya yi dariya ya ce, "Wagga mata tawa ba ta da kunya. Sakinki zan yi."

"Sake ni. Amma ka ce ba komai, kuma kullum kana goge takalmi. Kana so ka je ko ba ka so? Ɗaya za ka faɗa."

Ta riƙe hannunsa ta ƙi saki. Baba bai dubi ni ko yayana ba, ita ya duba, kamar su biyu ne a ɗakin.

"Ina so," ya ce. "Tun ina yaro ake ce mini ɗan soja, ban san inda zan tsaya in ɗaga hannu ba. Giya kuwa, ubana ya daɗe kwance cikin masu shan ta, ba ta hana shi zama Musulmi ba. Baɗin nan da ake faɗi, ni ban ga kaina cikinta ba."

A ranar yayana da kansa ya ce a kama mana wuri. Mun je. Baba ya tsaya kan kabarin da takalmansa cikin taɓo, ya yi addu'ar da ya daɗe yana ajiye da ita. Da yamma da aka shiga da baƙi wurin giya, mu muka zauna cikin mota muna cin dabino da burodi. Da muka dawo an ɗan yi tsegumi a ƙofar masallaci, bai kai wata Juma'ar ba aka samu wani zancen.

Baba ya rasu da sanyin shekarar da muka je, baɗin ba ta same shi ba. Da nake tattara kayansa na tarar da takalman a ƙarƙashin gado, taɓon maƙabartar ya bushe a jikinsu. Tun dawowarmu bai sake goge su ba. Daga nan na koyi cewa in tsoho ya ce maka ba komai, kada ka tsaya a bakinsa, ka dubi abin da yake yi da safe. In kuma kunya ta ɗaure maka baki, ka tura masa jika.