Suna Na Bakwai a Jerin Koci

Jikana Mubarak ya miƙo mini waya. "Tsoho, duba mini, ni na kasa."

Sunayen waɗanda za su buga wa kwalejinsu ƙwallo ranar Asabar ne suka fito. Shekara guda tsohon koci bai taɓa sa shi a wasa ba. Da sababbin masu horarwa suka zo cikin kullen korona, sai suka ce kowa ya yi atisaye a gida ya tura bidiyo. Ni da na zo ziyara kulle ya tsare ni a unguwarsu ta Titiwangsa can ƙasar waje, na zama mai ɗauka, kullum bayan la'asar a wurin ajiye motoci.

Na bi sunayen da yatsa a hankali, yadda aka koya mana karatu a ajin yamma da furfurarmu. Na bakwai, Mubarak!

Ya rungume ni. "Amma fa magoya baya sun ce in sababbin nan ba su ci ƙwallo uku ba, a kore su."

Na ce, "Ja'iri, su nemi ukunsu. Ni na riga na ci tawa."

Jama'a, wa ya taɓa lalubar sunan wani nasa a takarda ya samu? Ku ba ni labari.