Yayen Musaddiq

Faɗan da na yi da Lailatu, 'yar ƙanena, a kan nono ne. Na je gidanta a Birnin Kudu na tarar ɗanta Musaddiq ya cinye tsire tsinke guda, ya goge baki, ya matso ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta, ita kuwa ta ɗage hijabi ta ba shi.

Na ce, "Lailatu, wannan gardin kike shayarwa? Jira kike ya yi gemu?"

Ta ce, "Gwaggo, sai an gama jarrabawa."

Na ce nonon ne zai rubuta jarrabawar? Ta daɗe ba ta yi mini gaisuwar kirki ba.

Lailatu malama ce a kwaleji. Mijinta Iliyasu yana Gwaram yana yi wa shanu allura, sai ƙarshen mako yake leƙowa. Mu kuwa a danginmu na Basirka ɗan fari ba na uwarsa ba ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ranar da aka yaye shi kuma a miƙa wa kakarsa. Barira, uwar Iliyasu, tana can Basirka, tun ranar suna take jira.

Lailatu na son ɗanta, kunya ta hana ta faɗa. Sai ta lura ba a ɗauke yaro yana kan nono. Shi ke nan, yaye ya koma sai bayan jarrabawa. Aka gama, ta ce sai sakamako ya fito. Malamai suka tafi yajin aiki, ta ce ba a yaye cikin tashin hankali. Suka dawo, ta ce aiki ya yi yawa.

Da shi take shiga aji. Ta zaunar da shi a bencin gaba, ko kallonsa ba ta yi. In ya yi ɓarna ta ce, "Wani ya kama ɗan mutane." Da bakinsa ya buɗe bai ce Inna ba, Malama ya ce, don abin da ya ji kowa na cewa ke nan. In ya ɗaga hannu sai ta ce wa aji, "A je a sha iska." Ɗalibai suka gano lagon, darasi na yin tsawo su raɗa masa, "Musaddiq, ba ka jin ƙishi?"

Barira ta gaji. Ta hawo mota da ƙullin maɗaci, ta shafa wa surukarta a nono da hannunta, ta saɓi jikanta. Lailatu ta raka su tasha tana murmushi, ta koma aji tana hawaye, wai alli ne ya shiga idonta.

A Basirka yaro ya buɗe makaranta. Ya tara awaki a gindin rumbu ya ce su yi shiru. Kakansa ya yi tari ana cin tuwo, ya ce, "Wa ya yi magana? Fita waje." Tsoho ya ɗauki akushinsa ya fita, don a zauna lafiya. Barira ba ta isa ta zagaya bayi ba sai ta ɗaga hannu. Liman ya zo gaisuwa, yaro ya tsare shi a zaure wai ya makara.

Wata bai mutu ba sai ga Barira a ƙofata, riƙe da hannunsa. Ta ce, "Kulu, karɓi. Na yi renon 'ya'ya da jikoki, ban taɓa renon hedimasta ba."

Da ƙafata na kai shi kwalejin. Lailatu na gaban allo, ta hango shi, alli ya suɓuce mata, amma ta kau da kai kamar ba ta san shi ba. Na shiga har tsakiyar aji na tura mata shi.

Na ce, "Ɗauki abinki ki rungume, kowa ya gani. Kaf Basirka babu mai son sa yanzu sai ke, kunyar wa kuma za ki ji?"