Tururuwan Benenmu na Satwa

Har yau idan na shaƙi warin maganin feshi na ƙwari sai in kawar da kai. Jiya maƙwabciyata a nan unguwar Al Nahda ta fesa a bakin ƙofarta, na tsaya da ledar cefane na kasa zura mukulli. Kada ka ce ƙyanƙyami ne. Laifi na tuna, kuma nawa ne.

Shekarata tara a lokacin. Muna zaune a unguwar Satwa, a ƙasar Larabawa, a wani tsohon bene mai hawa huɗu wanda ba shi da lif. Babana yana tura wa 'yan kasuwar Kano kaya daga kasuwar Naif, sai ya ɗauko mahaifiyarsa daga gida don a duba mata gwiwa. Kaka akwai faɗa, akwai kyauta, kuma duk biyun ba ta yin su da wasa. Likita ya ce ta riƙa taka matakala kaɗan-kaɗan, a nan ta haɗu da tsohuwar hawa na biyu.

Ba'indiya ce, uwar wani tela, 'yar firit da ita, kullum cikin farin sari. Addinin Jain suke bi. Ajinmu ɗaya da jikarta, ita ta ba ni labarin wani dutse a Palitana, can ƙasarsu, wanda kansa ke cike da ɗakunan ibada farare fat. Sai an taka matakala sama da dubu uku ake kaiwa. Ba a cin abinci a kansa, ba a kwana, ba a hawa da damina. Marasa ƙarfi akan ɗauke su a kujera. Tsohuwar kuwa tun rasuwar mijinta ta yi alkawarin da ƙafarta za ta hau, ba a kafaɗar kowa ba. Shi ya sa kowace safiya take hawa benenmu tana sauka, ba takalmi, tana jiran damina ta wuce a ƙasarsu.

Ba sa jin yaren juna. Kaka ta ce mata "yalla", wato mu je, ita ta ce "shwaiya shwaiya", wato sannu-sannu, Larabcinsu ke nan gaba ɗaya. Amma kullum tare suke, Kaka na lissafa musu zagaye da carbi. Ta taɓa aika mata dambun nama aka dawo da shi, ta yi kwana biyu tana mita, sai da aka fahimtar da ita cewa ko albasa ba sa ci, balle nama. Daga nan dabino take ba ta.

Abu ɗaya ne ya tsaya wa Kaka a rai. Tsohuwar tana da 'yar tsintsiya ta farin ulu, mai laushi kamar auduga, ba ta sa ƙafa a matakala sai ta share. Da zafi ya kankama, tururuwa suka fara jerin gwano daga shagon alawa da ke ƙasa. Sai ta sunkuya tana kore su gefe a hankali, bayanta na ciwo, zagaye ɗaya ya cinye rabin safiya. Kaka ta yanke hukuncin tsoron cizo take yi, ta ce a haka yaushe baiwar Allah za ta hau dutse. Wata rana bayan la'asar ta miƙo mini gwangwanin maganin feshi, ta ce in bi tun daga sama har ƙasa.

Na san ba tsoro ba ne. Jikarta ta gaya mini cewa a wurinsu ran tururuwa rai ne, taka ta zunubi ne. Amma Umma ba ta taɓa barina na riƙe gwangwanin nan ba, ni kuwa ina mutuwar son in ji yana huci a hannuna. Na ja bakina na yi shiru, na feshe kowane lungu.

Da safe tsohuwar ta fito ta tarar da su baƙi ƙirin a jikin bango, ba mai motsi. Kaka tana murmushi, tana dukan ƙirji, wai ita ta sa aka yi mata gyara. Tsohuwar ta zauna a matakala, ta riƙa tattara su da tsintsiyar tana zubawa a bakin sarinta, hawaye na bin fuskarta. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, jikarta ta faɗa mini, ni kuma na juya wa Kaka da Hausa.

"Ta ce saboda ita aka kashe su. Ta ce ba za ta sake taka hanyar da aka share mata da rai ba."

Ta ɗauki azumi irin nasu, kwana takwas ba ta sa komai a baki sai tafasasshen ruwa. Ba ta ƙara fitowa hawa ba, ƙafafun da ta yi watanni tana ginawa suka saki. Kaka ta je da dabino, tsohuwar ta karɓa, ta riƙe mata hannu, babu fushi ko ɗigo a idonta. Wallahi da zagi ta yi da ya fi mana sauƙi.

Bayan damina ɗanta ya kai ta dutsen. Ya dawo shi kaɗai da hoto: tana zaune a kujera tsakanin sanduna, maza huɗu na ɗauke da ita, ta kawar da kai gefe. A can ta rasu shekarar da ta biyo. Tsintsiyar ta bar wa Kaka.

Shekara biyu bayan haka Kaka ta sauke farali. Da ta dawo ta ce malamin bita ya gargaɗe su kada mai harami ya kashe ko tururuwa, ita kuma ta fashe da kuka a gaban mutane. Ta dube ni ta ce, "Ashe baiwar Allah nan cikin haraminta take tun a matakalarmu, ni na ɓata mata."

An rushe benen tuni. Yanzu lif ke kai ni hawa na sha huɗu, ban san ko sunan maƙwabciyata ba. Tsintsiyar tana cikin akwatina, ulun ya yi ja. Kaka ta rasu tana istigfari a kan abin da ta yi da rashin sani. Ni da na sani, ban taɓa gaya mata ba.