Kwalbar Mai Feshi

Shekara talatin mai feshi ya yi yana goye da tankin maganin ƙwari, daga wannan gona zuwa waccan. Ƙwaro bai cika samun sukunin gabatar masa da kansa ba. Yawancinsu a kwance ya san su, ƙafafu sama. Tun da ciwon ƙirji ya ɗauke matarsa bara, abinci ya daina yi masa ɗanɗano. 'Yarsa tilo kuma, mai aikin binciken ƙwari a ofishin gona, ta daina ɗaga wayarsa. Bai yi fushi ba. Bai ma ji komai ba, ya dai ci gaba da kira.

Wata safiya a bakin daji ya ga wata tsutsa a jikin ganye, kaurinta kamar babban yatsa, koriya shar, da ɗigo-ɗigon fari da ɗan ƙaho a wutsiya. Bai taɓa ganin irinta ba. Hali zanen dutse, hannunsa har ya kai kan famfon feshi, sai ya tsaya. Ana iya ƙin amsa wa uba, amma wanda ya kawo tsutsa ofis dole a saurare shi.

Ya zaro tsohuwar kwalbar magani daga jakarsa, ya ɗauraye ta sau uku yadda ƙa'idar aikinsu ta ce, ya huda murfin da ƙusa, ya saka tsutsar da ganyenta. Mota biyu ya hau kafin ya isa ofishin 'yarsa.

'Yar ta fito cikin farar rigar aiki, ta yi masa gaisuwar baƙo.

Ya miƙa mata kwalbar. "Wata aba na tsinta, na ce ke ce za ki san ta."

Ta juye a kan faranti. Tsutsar ta faɗo a miƙe, matacciya, ta yi baƙi.

"Irin masu zama malam-buɗe-littafin dare ce, Baba. Amma wacce daga cikinsu, sai an bar ta ta yi fiffike ake ganewa." Ta kai kwalbar hanci, ta sauke. "A nan ka sa ta?"

"Ai na wanke. Har sau uku."

Ta kalle shi. Babu faɗa a idonta, gajiya ce kawai.

"Mama ma sau uku take ɗauraye kayan aikinka. Kullum, da hannunta, a banɗaki a rufe, tana shaƙar warin maganin."

Ya dubi tsutsar da ke kan farantin. Sai ta jawo kujera, ta ce ya zauna kada ya faɗi.